Rubuta manhaja da baki: Me ya sa na'urar gane murya ke kasawa idan aka zo kan kod?

A watan Maris na 2013, a taron masu rubuta manhaja da harshen Python da aka yi a birnin Santa Clara na jihar Kalifoniya a Amurka, wani injiniya mai suna Tavis Rudd ya hau dandamali ya fara aiki ba tare da ya taɓa madannan kwamfutarsa ba.

Yana magana, layukan rubutu na bayyana a kan allo. Sai dai yawancin abin da ke fita daga bakinsa bai yi kama da Turanci ba. Gajerun kalmomi ne da sautuka da ya ƙirƙiro da kansa, kowanne da aikinsa. Idan ya ce "slap", alal misali, kwamfutar za ta sauka zuwa sabon layi.

Ba neman burgewa ne ya kai Rudd ga haka ba. Shekara biyu kafin taron, ciwon jijiyoyin hannu da yawan danne-danne ke jawowa ya kama shi, har yatsunsa suka daina jin taɓi, ya kasa aiki. Ga mutumin da rubutu a kwamfuta ne hanyar cin abincinsa, wannan tamkar direba ne ya rasa idanu.

Sai ya koma ga manhajar Dragon NaturallySpeaking, wadda ke mayar da magana zuwa rubutu. Da farko aikin ya yi masa nawa matuƙa. Ya shafe watanni yana gyare-gyare, yana tara umarni har kusan 2,000, kafin ya iya komawa bakin aiki yadda ya kamata.

Fiye da shekara goma bayan haka, wayar da ke hannun kowa na iya rubuta saƙon da aka faɗa mata da baki. Amma rubuta kod, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta domin ta zama manhaja, har yanzu yana cikin ayyukan da suka fi ba wannan fasaha wahala. Kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne masu larurar hannu, da ba su da wani zaɓi.

Na'urar canka take yi

Manhajar gane murya ba ta jin magana kamar yadda mutum ke ji. Tana ɗaukar sautin ne ta yayyanka shi, sannan ta auna wace kalma ce ta fi dacewa da shi, bisa la'akari da kalmomin da ke gaba da baya, da kuma tarin maganganun mutane da aka horar da ita da su.

A taƙaice, canka take yi, kuma ta kan zaɓi abin da mutane suka fi yawan faɗa.

A shekarun baya cankar ba ta cika faɗawa daidai ba. A watan Yulin 2006 wani ma'aikacin Microsoft ya tsaya gaban masu sharhi kan hannun jari domin nuna gwanintar gane murya ta Windows Vista. Ya buɗe wasiƙa da kalmar Turanci mai nufin "mama", sai kwamfutar ta rubuta mai nufin "goggo". Da ya yi yunƙurin ba ta umarnin gyarawa, sai ta ɗauki umarnin a matsayin wani ɓangare na wasiƙar, ta rubuta shi a ciki.

An samu ci gaba sosai tun daga lokacin. A 2016 masu bincike na Microsoft sun sanar da cewa kuskuren manhajarsu ya sauka zuwa kashi 5.9 cikin 100 na kalmomi a wani gwaji na hirarrakin waya, wato daidai da na ƙwararrun masu sauraro suna rubutawa. A shekarar ce kuma wani bincike da Jami'ar Stanford ta yi tare da kamfanin Baidu na China ya nuna cewa faɗar gajeren saƙon Turanci da baki ya ninka danna shi a waya sauri har sau uku.

Duk waɗannan nasarori a kan maganar yau da kullum aka same su. Kod kuwa wani abu ne daban.

Kama da wane ba wane ba ne

Kuskuren kashi biyar cikin 100 na nufin kalma ɗaya a cikin kowace 20. Idan a saƙon WhatsApp ne, wanda aka aika wa zai gane abin da ake nufi ya wuce. Kwamfuta ba ta da wannan uzurin. Abin da aka rubuta shi take bi, harafi bayan harafi.

Ga misali mafi sauƙi, irin wanda ake koya wa ɗalibi a ranar farko a harshen Python: print("Sannu").

Kalmomi biyu ne kacal a layin, amma alamomi huɗu ne ke riƙe da su. Mai faɗa da baki dole ya ambaci buɗe baka, buɗe alamar zance, rufe alamar zance, rufe baka, kowanne a muhallinsa. Idan na'urar ta fara kalmar farko da babban baƙi, kamar yadda ta saba yi a farkon jimla, layin ba zai yi aiki ba. A Python hatta yawan filin da aka bari a farkon layi yana da ma'ana.

Sai kuma matsalar kalmomi masu sauti ɗaya. A Turanci, "for" da ake amfani da ita wajen maimaita umarni, da "four" mai nufin huɗu, furucinsu ɗaya ne. Haka "write" da "right". A cikin jimla, ma'ana ke raba gardama. A cikin kod, babu jimlar da na'urar za ta jingina da ita.

Sunaye ma wata matsala ce. Mai rubuta manhaja kan raɗa wa abubuwan da ke cikin aikinsa sunayen da babu su a kowane ƙamus. Ya kan haɗe kalmomi biyu ko uku wuri ɗaya, ya gutsure wasu, ya sa babban baƙi a tsakiyar kalma. A wurin kwamfuta userName da username da user_name abubuwa uku ne mabambanta. A kunne kuwa duk abu ɗaya ne.

Kuskuren da ke hana manhaja tashi shi ne mai sauƙi, domin nan take za a gan shi. Mai haɗarin shi ne wanda manhajar za ta karɓa ta ci gaba da aiki.

A watan Nuwamban 2003 an gano wani ya yi kutse ya saka layi biyu a cikin wani kwafi na kod ɗin Linux, tsarin da yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet ke aiki da shi a yau. A wurin da ya kamata a ga alamar "daidai da" guda biyu, sai aka sa guda ɗaya. Guda biyun tambaya suke yi: shin wannan mutumin shi ne mai cikakken iko da kwamfutar? Guda ɗayar kuwa miƙa masa ikon take yi kai tsaye.

An kama abin kafin ya shiga ainihin tsarin, kuma da gangan aka yi shi, ba kuskuren murya ba ne. Amma ya nuna irin ɓarnar da alama ɗaya tak za ta iya yi, a aikin da ake son danƙa wa na'ura mai canka.

Mutum ne ya koyi yaren na'ura

Waɗanda suka yi nasarar rubuta kod da murya ba jira suka yi na'ura ta fahimce su ba. Su ne suka sauya yadda suke magana.

Ryan Hileman, wani injiniya da ciwon hannu ya tilasta wa barin aikinsa a 2017, shi ne ya ƙirƙiro Talon, manhajar da masu wannan larura da dama ke dogaro da ita a yau. Masu amfani da ita ba sa kiran haruffa da sunayensu na makaranta, domin B da D da P da T na rikita na'urar. Kowane harafi an ba shi gajeriyar kalma: "air" ita ce A, "bat" ita ce B, "cap" ita ce C, "drum" ita ce D, har zuwa "zip".

An guje wa irin kalmomin da sojoji da matuƙan jirgi ke amfani da su a rediyo ne saboda tsawonsu. Wanda zai faɗi haruffa ɗaruruwa a yini ba zai jure wa kalma mai gaɓa uku a kan harafi ɗaya ba.

Haka aka yi wa sunaye. Idan mutum ya ce "snake user name", za a rubuta masa user_name. Idan ya ce "camel user name", sai a rubuta userName. An ɗauko sunan ne daga raƙumi, saboda babban baƙin da ke tsakiya ya yi kama da tozo.

Emily Shea, injiniya a kamfanin Fastly wadda ita ma ciwon hannu ya kama, ta nuna a wani taro a birnin Pittsburgh a 2019 yadda take rubuta Perl da baki, harshen da ya yi suna wajen yawan alamomi. Ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Sai dai kafin a kai nan, akwai haddar ɗaruruwan umarni da makonni ko watanni na atisaye. Akasarin masu koyon suna yin haka ne a daidai lokacin da suke fama da ciwo, ga fargabar rasa aiki.

Gyara ya fi rubutu wuya

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka mai rubuta manhaja na wuni ne yana zuba sabbin layuka. A zahiri, mafi yawan lokacinsa na tafiya ne wajen karanta abin da aka riga aka rubuta, da neman inda matsala take, da sauya kalma ɗaya a nan, alama ɗaya a can.

Da hannu wannan ba komai ba ne: ya kai linzamin kwamfuta wurin ya danna. Da baki kuwa sai ya yi kwatance, kamar mai yi wa baƙo bayanin gida ta waya. Hau layi 12, tsallake kalma huɗu, shiga cikin baka, goge na biyu. Idan na'urar ta ji 20 a maimakon 12, gyaran ya faɗa inda ba a nufa ba.

An ɓullo da dabaru. Talon na aiki da wata ƙaramar na'ura ta kamfanin Tobii da ake maƙalawa a ƙasan allo, mai bin motsin idon mutum. Ya kalli inda yake so, sannan ya yi wani ɗan sauti da leɓe, sai kwamfutar ta danna wurin.

Wata manhajar mai suna Cursorless, da Pokey Rule ya ƙirƙiro, tana ɗora 'yar alama mai launi a kan harafi ɗaya na kowace kalma da ke kan allo. Mai aiki sai ya kira launin da harafin, ya faɗi abin da za a yi wa kalmar, ba sai ya ƙirga layi ba.

Dabarun na aiki, amma kowace ƙarin kaya ce da za a saya ko ƙarin yare da za a haddace.

Murya ma na gajiya

Josh Comeau, wani mai rubuta manhaja kuma malami a Kanada, ya kamu da ciwon jijiyar gwiwar hannu a 2020, ya koma aiki da Talon da na'urar bin ido. A bayanin da ya wallafa, ya ƙiyasta cewa saurin aikinsa ya koma kusan rabin yadda ya saba. Ya kuma ambaci gajiyar murya a matsayin babbar matsalar da ya ci karo da ita.

Dalilin a fili yake. Maƙogwaro ma tsoka ne, kuma maimaita gajerun umarni na tsawon sa'o'i da murya iri ɗaya na iya jigata shi, kamar yadda madannai suka jigata yatsu. Mai gudun ciwon hannu na iya ƙarewa da dishewar murya.

Ga kuma batun wuri. A ofishin da mutum goma ke zaune a ɗaki ɗaya, mai aiki da baki zai dami abokan aikinsa, su ma hirarsu za ta shiga makirfonsa. Kalmar sirri ba ta faɗuwa a bainar jama'a. Inda kuma janareta ke ruri a bayan taga ko fanka ke kaɗawa a kai, na'urar na ƙara yawan kuskure.

Wasu masu sana'ar na kuma kokawa da cewa magana na katse musu tunani. Yatsu kan yi aikinsu ba tare da mutum ya sa musu ido ba, amma da wuya a riƙa furta umarni ana kuma warware lissafi a zuci lokaci guda.

Ba kowane lafazi take ji ba

Duk wannan ga wanda Turancinsa ya yi daidai da wanda aka horar da na'urar da shi ke nan.

Wani bincike da masana a Jami'ar Stanford suka wallafa a 2020 ya gwada manhajojin Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft. Kuskurensu a kan maganar Amurkawa farar fata ya kai kashi 19 cikin 100 na kalmomi. A kan ta Amurkawa baƙar fata kuwa ya kai kashi 35.

Idan haka abin yake a cikin Amurka, na Afirka ba sai an faɗa ba. Wannan giɓin ne ya sa kamfanin Intron Health na Najeriya da abokan aikinsa suka fitar da tarin muryoyi mai suna AfriSpeech-200 a 2023, mai ɗauke da sa'o'i 200 na Turancin 'yan Afirka, da lafazi iri 120 daga ƙasashe 13.

Ga Bahaushe, matsalar na da wurin da take cizo. Hausa ba ta bambanta sautin P da F yadda Turanci ke yi, kuma ba ta da sautin V, shi ya sa da yawa kan furta shi kamar B. A hira wannan ba ya hana fahimta. A kod kuwa "print" da "for" da "if" na cikin kalmomin da aka fi amfani da su, sannan "var" kalmar umarni ce a JavaScript, yayin da "bar" suna ne da masu sana'ar suka saba bai wa abu a misalansu.

Manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a watan Satumban 2022 an horar da ita da sa'o'i 680,000 na sauti, kuma Hausa na cikin harsunan da ta lissafa. Sai dai kusan kashi biyu cikin uku na sautin Turanci ne. Kuma ko da ta iya Hausa sarai, kalmomin umarni na Python da Java da JavaScript duk na Turanci ne.

Batun ya shafi matasan Najeriya da ke rububin shiga sana'ar, musamman tun bayan da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Duk wanda ke da larurar hannu a cikinsu zai fuskanci shinge biyu: na kod da na lafazi.

Kasuwar ba ta da girma

Manyan kamfanoni sun sha shiga wannan fage suna fita.

A 2018 kamfanin Nuance, mai Dragon, ya daina fitar da nau'inta na kwamfutocin Mac, abin da ya bar masu dogaro da ita cikin tsaka mai wuya. Da Microsoft ya sanar da sayen Nuance a kan dala biliyan 19.7 a 2021, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne aikin kamfanin a asibitoci, inda likitoci ke faɗar bayanan marasa lafiya ana rubutawa.

A watan Nuwamban 2022 GitHub ya sanar da gwajin rubuta kod da murya mai suna "Hey, GitHub!", wanda daga baya ya koma Copilot Voice. A watan Afrilun 2024 aka rufe gwajin, aka karkatar da masu amfani da shi zuwa wata manhajar murya ta VS Code.

Shi ya sa har yau kayan aikin da masu larurar suka fi amincewa da su, ɗaiɗaikun mutane da 'yan sa-kai ne ke kula da su, kuma da yawansu ciwon ne ya kawo su.

Ƙirƙirarriyar basira ta magance matsalar?

A watan Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana wani sabon salon aiki da ya kira "vibe coding". Ya ce magana kawai yake yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta makirfo, ya faɗa mata abin da yake so da Turancin yau da kullum, ita kuma ta rubuta kod ɗin. Kafin ƙarshen shekarar, ƙamus ɗin Collins ya zaɓi kalmar a matsayin kalmar shekara.

Wannan sauƙi ne na gaske ga masu ciwon hannu. Ba sai an ambaci baka da waƙafi ɗaya bayan ɗaya ba. An mayar da aikin zuwa magana irin ta mutane, inda na'urar gane murya ta fi ƙwarewa.

Amma yanzu masu canka sun zama biyu. Ta farko na cankar abin da mutum ya faɗa, ta biyu na cankar abin da yake nufi. Idan ta farko ta ji ba daidai ba, ta biyu za ta gina kod mai kyan gani a kan kuskuren, ba tare da ta nuna wata alamar shakka ba.

Wani bincike da aka gabatar a 2024 ya gano cewa a kusan kashi ɗaya cikin 100 na sautukan da aka gwada, Whisper ta ƙirƙiro kalmomi ko jimlolin da babu wanda ya faɗe su.

Karpathy da kansa ya ce salon ya dace ne da ƙananan ayyukan gwaji na ƙarshen mako. Manhajar banki ko ta asibiti kuwa dole wani ya karanta ta layi bayan layi, ya gano alamar da ta ɓata, ya je ya gyara ta. Wannan shi ne ɓangaren da murya ta fi rauni a kai tun farko.

Hannuwan Tavis Rudd sun warke daga baya, amma ya shaida wa mahalarta taron na 2013 cewa bai daina aiki da murya ba, yana haɗa ta da madannai ne. Masu irin larurarsa da dama sun bi sahunsa sun ci gaba da sana'arsu, wasu da rabin saurinsu na da, wasu da fiye da haka.

Shawarar da akasarinsu ke bai wa masu tasowa iri ɗaya ce: a riƙa hutar da hannu, a gyara zama a gaban kwamfuta, kuma da zarar yatsu sun fara zogi ko sanyi a ga likita, kada a jira sai sun daina motsi.